Daga Funtuwa zuwa Malumfashi a kan keke: hanyoyin da suka rage wa matafiyi

Da ƙarfe shida da rabi na safe na bar Funtuwa a kan keken aro, da gorar ruwa biyu da famfo da kayan faci ɗaure a kariya. Sanyin hunturu ya fara shigowa, ƙura ta rufe kan duwatsun da ke gefen gari. Niyyata ita ce in isa Malumfashi, tafiyar kusan kilomita 50, kafin azahar, ina sauka daga kwalta duk inda hanyar ƙauye ta ba da dama.

Kafin in fita gari na ƙirga masu kekuna fiye da yadda na zata. Akwai mai buhun masara a kariya, da mai jarkokin ruwa, da ɗan makaranta ya goyo ƙaninsa, da wani dattijo da fartanya ɗaure a ƙarfen keke. Babu mai yawon buɗe ido a cikinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura har ta wuce Naira 1,000 a 2024, mutane da dama suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon Raleigh ko Phoenix da ke rataye a zaure.

Wanda ya saba ratsa yankin a mota zai rantse ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ƙafar mai keke ce ke ƙaryata shi. Funtuwa na kan tudu mai tsayin kimanin mita 700 daga teku, kuma a kusa da ita ne Kogin Sakkwato ya samo tushe kafin ya nufi Gusau, ya haɗu da Rima, ya faɗa Kwara. Saboda haka hanya ba ta daɗe a miƙe: ka gangara kwari, ka haye kwalbati ko gada, ka sake hawa. Hawan ba mai tsanani ba ne, amma ba ya ƙarewa. Duwatsun kuma ba jere suke ba kamar na Filato. Curi-curi ne na baƙin dutse, kowanne tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonaki, wani da ƙauye a gindinsa.

Titin Funtuwa zuwa Bakori shi ne mafi sauƙi kuma mafi ban tsoro. Gajere ne, mai keke zai cinye shi cikin awa ɗaya ba tare da gaggawa ba, amma manyan motocin hatsi ba su san da zaman keke ba. Sau biyu na sauka gefen titi da kaina don tirela ta wuce. Shawarata ga duk mai son gwadawa ita ce ya bar wannan ɓangaren tun kafin motocin kasuwa su taso.

Daɗin tafiyar yana cikin hanyoyin burji da ke ɓallewa daga kwalta. Da yawa daga irin waɗannan hanyoyi suna da tarihi. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe. Shirin ya yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki, kuma yana cikin abin da ya mayar da masara babbar amfanin gonar yankin da aka fi sani da auduga. Kafin nan auduga ce ta gina Funtuwa, ita da layin dogon da ya taso daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Yau jirgin ba ya bi, gonakin auduga sun ragu, amma hanyoyin da aka yi don kwaso amfanin gona suna nan, wasu ruwa ya cinye gefensu har mota ba ta iya shiga. Keke kam yana shiga.

A irin wannan hanya na gangara wata fadama bayan Bakori. Sama duk karan dawa ne da ƙasa busasshiya, amma da na sauko kwarin sai ga kore shar: tumatir da barkono da albasa, da rake a can gefe, injin ban-ruwa na ta ƙara. Wannan ɓangaren, har zuwa Ɗanja, sananne ne da noman rani da rake. Yashin rafi ya sa na sauka na tura keken, wata ƙaya kuma ta huda mini tayar baya. Na zauna ƙarƙashin ɗorawa na yi faci, yara uku na kallona suna gyara mini kuskure, domin sun fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

A nan ne wani manomi ya baro aikinsa ya zo muka gaisa. Bayan gaisuwa ya tambaye ni daga ina nake, wurin wa na zo, me ya sa na ɗauki hoton gadar da ke baya. Cikin mutunci ya yi tambayar, amma ba ta wasa ba ce. Sai da na ambaci unguwarmu da sunan wanda ya ara mini keken, na nuna katin aikina, sannan fuskarsa ta saki, ya yanko mini rake. Ya kuma ce in koma kwalta, kada in ci gaba ta hanyar da na dosa.

Ban ga laifinsa ba. A yankin da ake zargin wasu da kai wa 'yan bindiga rahoto, baƙo mai ɗaukar hoto abin tuhuma ne. Shekarun baya, mai keke da ya yi dare a ƙauye zai kwana a zauren mai unguwa. Yanzu mai unguwar kansa zai so ya san wanda ya aiko ka.

Wannan ne ya raba taswirar mai keke gida biyu. Hanyoyin da suka fi kyau a ido suna yamma: madatsar Mairuwa a kan hanyar Gusau, duwatsun Faskari, da dajin Kogo wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin sababbin gandun daji na ƙasa guda goma a 2020. Babu mai hankalin da zai tura baƙo can a kan keke yau. Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun sha hare-hare shekara da shekaru. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai sama da 300 na makarantar sakandaren kimiyya a Disambar 2020. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi.

Gabas ma ba a ce lafiya lau ba. A Fabrairun 2025 aka sace tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Janar Maharazu Tsiga, a garinsu Tsiga da ke ƙaramar hukumar Bakori. A watan Agusta na shekarar aka kashe masallata da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Akwai dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, wasu ƙananan hukumomi kuma sun shiga sulhu, amma duk wanda na tambaya hanya, amsarsa ta ƙunshi lokaci: ka wuce kafin la'asar, kada magariba ta same ka.

Ni da na fito don sha'awa ina da zaɓi. Manomin da gonarsa ke bayan dutse ba shi da shi. Keke ya rage masa kuɗin mai, kuma ba ya jawo ido kamar babur, wanda 'yan bindiga ke ƙwacewa, jami'an tsaro kuma ke tsarewa. Amma keke ba ya gudu. Idan aka tare hanya, mai shi ba shi da abin yi sai ya yar da shi ya shiga dawa, in ba a girbe ta ba.

A wasu ƙasashen irin wannan ƙasa kuɗi ce. Ruwanda ta shata hanyar keke mai tsawon fiye da kilomita 200 a gefen tafkin Kivu, masu masauki da masu abinci a ƙauyuka na cin gajiyarta, kuma a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Kudancin Katsina na da tudu da kwari da kasuwannin ƙauye da mai faci kusan a kowace mararraba. A ganina ba sai an jira Turawa ba: matasan Funtuwa da Malumfashi kaɗai, in sun haɗa ƙungiya suna fita rukuni-rukuni ranar Asabar da sanin masu unguwanni, sun isa su fara. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan laka ta bushe, kafin zafin bazara.

Na bi maganar manomin na koma kwalta. Sauran tafiyar hawa da gangara ce a gefen titi, iskar hunturu na turo ni baya, sarƙa na ƙara saboda ƙura. Na shiga Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ana kiran sallar azahar, cinyoyina na rawa. Na yi sallah, na ci shinkafa da wake a bakin tasha, na fara lissafin komawa. Awa huɗu a kan keke na nufin magariba za ta same ni kafin Funtuwa. Yaran mota suka ɗaure keken a bayan wata Golf, na biya kuɗin mutum ɗaya da na kaya.