Kula Da Rauni Bayan An Cire Tawadar Allah Da Na'urar Lesa

Wasu daga cikin jama'armu kan je manyan asibitoci a birane domin a cire musu tawadar Allah da na'urar lesa, wadda ke ƙone tabon da haske mai ƙarfi. Aikin kan ɗauki 'yan mintoci, amma jinyar a gida ake yin ta. Don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani.

Tun da farko, wajibi ne likitan fata ya duba tawadar kafin a taɓa ta, domin lesa ƙone naman take yi, ba ta barin abin da za a kai ɗakin gwaji. Duk tawadar da ke ƙara girma, ko sauya launi, ko zubar da jini da kanta, ko faɗinta ya wuce milimita 6, tana iya zama alamar ciwon dajin fata. A jikin baƙar fata, irin wannan ciwo ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Haka kuma, mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini, kamar asfirin, su sanar da likita tun kafin aiki, kada su daina maganin da kansu.

Ɗan tsattsafin jini a rana ta farko ba abin tayar da hankali ba ne. A wanke hannu, a ɗora bandeji mai tsabta, a danna da ƙarfi na minti 15 ba tare da ɗagawa don leƙawa ba. Idan an maimaita haka jinin bai tsaya ba, a garzaya asibiti mafi kusa.

Bayan awa 24, a riƙa wanke wurin a hankali da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa man basilin, a rufe da filasta. Ɓawon kan faɗi da kansa cikin mako 1 zuwa 2. Ɓamɓare shi na jawo jini da tabo. Kada a zuba toka, ƙasa, kashin shanu ko man birki, domin suna gurɓata rauni, kuma ƙasa da kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora. A guji man bilicin, a kuma kare wurin daga rana, musamman a gona, domin rana na sa tabon ya yi duhu.

Idan aka ga mugunya, kumburi, wari, zazzaɓi ko raɗaɗin da ke ƙaruwa, ko tawadar ta sake fitowa, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan saƙo ga jama'a. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.