Masu ɗaukar hoton biki a Maraɗi na fama da tayin da bai kai ba

A babbar kasuwar Maraɗi, in mai saye ya taya atamfa da kuɗin da bai kai ba, mai kaya kalma ɗaya yake faɗi: albarka. Ciniki ya ci gaba, ba wanda ya ji haushi. Amma ga matasa masu zaman kansu da ke ɗaukar hoto da bidiyon biki, kalmar nan tana da nauyi a baki, musamman cikin azumi, lokacin da bukukuwa ke ja baya.

Hajarsu ba a baje take a faifai ba. Uwar amarya yaro take gani da kyamara na awa uku wurin walima. Ba ta ganin daren da zai raba gaban kwamfuta yana tace hotuna, ga kuɗin intanet, ga man janareta in an ɗauke wuta, ga na kabu-kabu zuwa da dawowa. Sai aikin da mai shi ya yi wa kuɗi, a ce, jika 50, a taya shi jika 15, a ɗora da alkawarin tallata shi a Facebook. In ya yi gardama, a tuna masa akwai yaron maƙwabta mai babbar waya.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar ba kasafai suke karya farashi ba, aikin suke ragewa. In kuɗin na yini ɗaya ne, ɗaurin aure kaɗai za a ɗauka, ban da kamu. Hotuna a tura ta WhatsApp, ba albam. Sannan ba sa fita da kyamara sai kafin alƙalami ya shigo hannu, ko ta Nita ko Amana, domin bashin biki ya fi kowane wuyar karɓa da zarar an kai amarya ɗakinta.

Masu karɓar aiki daga Jibiya ko Katsina suna da wani lissafin. Tun da naira ta faɗi a 2023, farashin da aka tsayar wata guda kafin biki na iya zaizayewa kafin ranar, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655,957. Shi ya sa suke yanke kuɗinsu da sefa.

Inda dabara ke ƙarewa shi ne bikin dangi. Gwaggo ba a ce mata albarka. A nan wasu kan tura yaron da ke koyon aiki a hannunsu da ƙaramar kyamara, su kuwa su halarta cikin anko kamar kowa.