Aikin Mai Zayyana a Gidan Tarihi na Kanta

Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce. An gina ta a 1831, sarakuna suka zauna a cikinta har 1942 lokacin da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka buɗe ta ga jama'a. Sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, aka sa mata. A ɗakunanta akwai masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, tambura da layu, kuma a nan ake binne sarakunan Argungu.

Waɗannan kaya ba sa faɗin tarihin kansu. Ɗan makarantar da ya zo daga Birnin Kebbi zai ga takobi, amma ba zai san na wane ne ba, ko a wane yaƙi aka zare shi, sai an gaya masa. Idan babu ɗan rakiya a kusa, allon bayani ne ke gaya masa. Tsara wannan allo, da taswirar ɗakuna, da alamomin hanya, da fostoci, shi ne aikin mai zayyana.

Aikin yana farawa ne da taƙaitawa. Masanin tarihi na iya kawo shafi uku a kan tambari guda, alhali baƙo a tsaye yake, da wuya ya karanta fiye da layi huɗu ko biyar. Sai a zauna a tace: sunan abu da manyan haruffa, zamaninsa, wanda ya yi amfani da shi, sai jimla ɗaya ko biyu. Wurin kafa allon ma abin lura ne. Ɗakunan tsohon gini ba su cika samun haske ba, don haka baƙin rubutu a kan farin fage ya fi dacewa, a daidai idon mai tsayuwa, ba tare da an buga ƙusa inda za ta ɓata bango ba.

Batun harshe ya fi komai nauyi. Yawancin masu shiga gidan Hausa suke ji, wasu kuma sun fi sakewa da ajami. Allon da aka rubuta da Turanci kaɗai ya mai da mutanen gari baƙi a cikin tarihin kakanninsu. Hausa ya kamata ta hau sama, Turanci ya biyo a ƙasa. A nan wata matsala ke ɓullowa: ba kowane salon haruffan kwamfuta ne ke da ɓ, ɗ da ƙ ba, shi ya sa a kan ga allo ya fito daga maɗaba'a da ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma. Ƙwararren mai zayyana yakan gwada haruffan tun kafin ya zaɓa.

A ɓangaren fostoci kuwa, bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana buƙatar wani salo dabam. Fostar biki daga nesa ake hango ta, sau da yawa daga cikin mota. Hoton masunci ɗaya da homa da gora a kogin Matan Fada, da ranar biki a rubuce ɓaro-ɓaro, ya fi isar da saƙo a kan fostar da aka cunkushe da fuskokin manyan baƙi har aka rasa inda za a sa kifin.