Mazaɓar Eastern Suburbs ta Birnin Sidni: Kujeru Biyar, Shekaru Bakwai

Tsakanin 1920 da 1927, jihar New South Wales, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙasar Ostireliya, ta gwada wani tsarin zaɓe da ya sha bamban da wanda ta saba da shi. Maimakon kowace mazaɓa ta tura wakili ɗaya tal majalisar dokokin jiha, sai aka haɗe ƙananan mazaɓu aka samar da manya guda 24, tara daga cikinsu suna fitar da wakilai biyar-biyar, sauran 15 kuwa uku-uku, wanda ya ba da jimillar kujeru 90. Ɗaya daga cikin masu kujeru biyar ɗin ita ce Eastern Suburbs, wato unguwannin da ke gabashin birnin Sidni har zuwa bakin teku, irin su Bondi da Randwick da Waverley da Woollahra, inda attajirai masu gidaje a bakin ruwa suke maƙwabtaka da ma'aikata masu zaman haya, da yawansu 'yan ɗarikar Katolika masu asali da ƙasar Ayilan.

Gwamnatin Firimiya William Holman ce ta kafa dokar sabon tsarin a 1918, shekara biyu bayan jam'iyyar Leba ta dare gida biyu a kan batun tilasta wa matasa shiga aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, rikicin da ya fitar da shi kansa Holman daga jam'iyyar ya kai shi shugabancin jam'iyyar Nationalist. Tsarin shi ne wanda masana suke kira wakilci gwargwadon ƙuri'a, kuma tsibirin Tasmaniya ya riga ya fara aiki da irinsa. Mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya ya tafi, sai dai ya jera 'yan takara da lambobi, ya sa 1 ga wanda ya fi so, 2 ga mai bi masa, haka har ƙasa. A mazaɓa mai kujeru biyar, duk wanda ya samu abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'un da aka kaɗa ya ci kujera, rarar da ta haura masa kuma a miƙa ta ga wanda masu zaɓensa suka sa a gaba, sannan a riƙa zubar da na ƙarshe ana raba ƙuri'unsa har kujerun su cika. Abin ya yi kama da watanda, inda kowa yake tashi da kaso daidai da abin da ya zuba, ba wanda ya fi kowa kuɗi ya kwashe naman duka ba.

Zaɓen farko, na watan Maris 1920, bai yi wa wanda ya kawo tsarin daɗi ba, domin Holman ya rasa kujerarsa a Cootamundra, kuma ƙuri'u masu yawa sun lalace saboda mutane ba su saba da jera lambobi ba. Jam'iyyar Leba ta kafa gwamnati da ƙyar a ƙarƙashin John Storey, majalisar kuma ta kasance a kan siraɗi har ta kai ga a watan Disamba 1921 George Fuller ya kafa wata gwamnati da ta yi awa bakwai kacal. A Eastern Suburbs ma an fuskanci wata matsala tun a shekarar farko, lokacin da wakilin Leba James Fingleton ya rasu, domin zaɓen cike gurbi na kujera ɗaya a mazaɓa mai kujeru biyar zai miƙa kujerar ga jam'iyya mafi rinjaye a yankin ne kawai. Saboda haka doka ta tanadi a naɗa wanda ya biyo baya cikin 'yan takarar jam'iyyar mamacin da ba su ci ba, kuma ta wannan hanya Daniel Dwyer ya shiga majalisa.

Inda tarihin wannan mazaɓa ya fi daraja shi ne irin mutanen da ta buɗe wa ƙofa. A zaɓen 1922 ta zaɓi likita Cyril Fallon na jam'iyyar Democratic, wata ƙaramar jam'iyya da ta tsaya a kan buƙatun Katolika, musamman neman gwamnati ta tallafa wa makarantunsu, kuma shi kaɗai ne jam'iyyar ta taɓa kai wa majalisar. A zaɓen Mayu 1925 kuwa mazaɓar ta zaɓi Millicent Preston-Stanley ta jam'iyyar Nationalist, mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin New South Wales. Matan jihar sun samu 'yancin kaɗa ƙuri'a tun 1902, amma sai a 1918 doka ta ba su damar tsayawa takarar wannan majalisa, ita kuma Preston-Stanley ta tsaya a 1922 ba ta yi nasara ba kafin ta sake gwadawa. Jam'iyyar da ke da gurbin takara ɗaya tak a mazaɓa ba kasafai take ba mace shi ba a wancan zamani, amma idan sunaye da yawa za ta jera, sai ta ga ba ta yi asarar komai ba don ta sa mace a ciki, masu zaɓe kuma suka samu damar ɗaga ta sama da wasu mazan jam'iyyar.

Shekaru biyun da Preston-Stanley ta yi a majalisa ta ƙarar da su ne a kan yawan mutuwar mata wajen haihuwa, da kula da yara, da kuma haƙƙin uwa na riƙon 'ya'yanta idan aure ya mutu, domin dokar lokacin uba take fifitawa. Shari'ar 'yar wasan kwaikwayo Emélie Polini, wadda kotu ta hana ta riƙon 'yarta a 1924, ita ce ta zaburar da ita, ta gabatar da ƙudurin doka a kan batun amma bai kai ko'ina ba. Bayan ta bar majalisa ta rubuta wasan kwaikwayo a kan lamarin aka nuna shi a Sidni a 1932, kuma a 1934 jihar ta gyara dokar riƙon yara ta daidaita matsayin uwa da na uba.

Gwamnatin Leba ta Jack Lang, wadda ta hau mulki a 1925 da kujeru 46 cikin 90, ita ce ta soke tsarin a 1926. Ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa ba na banza ba ne, domin wasu mazaɓun karkara sun yi faɗin da wakili ba zai iya kewaye su ba, 'yan takarar jam'iyya ɗaya suna yaƙar junansu a kan ƙuri'u ɗaya, rinjayen gwamnati kuma sau da yawa ba ya wuce kujera ɗaya ko biyu. Sai dai manyan jam'iyyu suna da wani dalili da ya fi kusa da zuciyarsu, wato a mazaɓa mai kujera ɗaya shugabannin jam'iyya ne suke yanke wanda zai tsaya, alhali a mai kujeru biyar wani ɓangare na wannan iko ya koma hannun mai zaɓe, kuma waɗanda suka biya kuɗin komawa tsohon tsarin su ne waɗanda magoya bayansu suke da yawa amma a warwatse.

A zaɓen Oktoba 1927 an sake yanka Eastern Suburbs zuwa ƙananan mazaɓu masu wakili ɗaya-ɗaya. Preston-Stanley ta tsaya a Bondi, ta sha kaye a hannun Harold Jaques, wanda suka wakilci tsohuwar mazaɓar tare, kuma babu wata mace da aka sake zaɓa zuwa majalisar sai a 1939, lokacin da Mary Quirk ta jam'iyyar Leba ta ci kujerar Balmain.