Yadda Taurarin Ɗan'adam Ke Bin Sawun Hazo a Gaɓar Teku

Da hunturu ya kama, iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar turɓaya. Ƙurar kan ratsa Nijar da Najeriya har ta lulluɓe mashigin tekun Gini. A can take gauraya da hayaƙin ƙunar daji, da na gas ɗin da ake ƙonawa a Neja Delta, da gishirin da igiyar ruwa ke fesawa sama.

Tunda ba a iya kafa na'ura ko'ina a kan ruwa, sai masana suka koma leƙowa daga sama. Hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron Terra a 1999 da Aqua a 2002, kowanne ɗauke da na'urar MODIS mai auna hasken rana da ke komawa sama. Ruwa mai zurfi duhu gare shi, don haka duk ƙarin hasken da aka gani a kansa, in babu gajimare, hazo ne ya mayar da shi. Ta kwatanta launukan hasken ake bambanta ƙura mai gwaɓi da hayaƙi mai laushi. Tauraron CALIPSO kuwa, da Amurka da Faransa suka harba a 2006, hasken lesa ya riƙa cillowa ƙasa don gano nisan hazon daga doron ruwa, har aikinsa ya ƙare a 2023. Da bayanansa aka ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara zuwa Atlantika duk shekara.

A bakin gaɓa aikin ke yin wuya. Inda kogin Kwara ke juye laka a teku, ruwan kan yi jaja-jaja ya mayar da haske, har na'urar ta ɗauki taɓo a matsayin hazo. Shi ya sa ake gwada sakamakon da na'urorin AERONET da ke ƙasa, irin wadda ke Ilori, masu duban rana kai tsaye.

Awon ya nuna hazo ya fi kauri daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina kuwa ruwan sama kan wanke iska, hanyar ƙurar ta koma arewa, ta kan Senegal.

Da irin waɗannan bayanai masu hasashen yanayi ke gargaɗin matuƙan jiragen sama, da masunta, da masu ciwon asma tun hazon bai iso ba.