Masana Taswira Sun Tashi Daga Awon Fili Zuwa Shugabancin Hukumomi

A da, in an ambaci safiyo, abin da ke zuwa zuciyar ɗan kasuwa shi ne ma'aikaci mai sarƙar awo da turaku a bakin fili. A yau masu wannan sana'a ne ke riƙe da rumbunan bayanan filaye a kwamfuta, waɗanda bankuna ke dogara da su kafin su ba da lamuni.

Tushen lamarin kuwa shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Tun daga lokacin, takardar shaidar mallaka ta zama babbar jingina a wurin banki. Muddin fayil ya ɓace a ma'aikata, ko aka raba fili guda ga mutum biyu, to dukiyar mai shi ta zama matacciya: sayarwa ta gagara, rance ya gagara.

Domin magance haka ne aka kafa hukumar AGIS a Abuja a 2003, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan babban birnin tarayya. Hukumar ta shigar da fayilolin filaye cikin kwamfuta, ta haɗa kowanne da wurinsa a taswira, sannan ta sake tantance takardun mallaka, aikin da ya bankaɗo na jabu. Jihohin Nasarawa da Kaduna da Kano sun bi sahu daga bisani.

Ta fuskar sararin samaniya kuma, an kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba tauraron ɗan Adam na NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Wanda aka harba a 2011, wato NigeriaSat-2, an ƙera shi ne ya iya bambance abin da faɗinsa ya kai mita 2.5 a doron ƙasa.

Matashin da ke son shiga wannan fage yakan fara ne da digiri a fannin safiyo ko labarin ƙasa, ko ya halarci Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo. Akwai kuma cibiyar AFRIGIST ta Ile-Ife, wadda aka kafa a 1972 da sunan RECTAS. Mai son sa hannu a taswirar fili kuwa sai ya yi rajista da majalisar SURCON.

Sai dai ilimin awo kaɗai ba ya kai mutum kujerar shugabanci. Wajibi ne ya laƙanci dokar ƙasa da tsarin kasafi da tsaron bayanai, ya kuma iya jure matsin lambar masu faɗa a ji. Dalili kuwa shi ne, mai ikon sauya suna guda a rumbun bayanai yana iya raba mutum da gidansa. Ke nan darajar kowace takardar fili da ke ajiye a banki ta rataya ne a kan amanar wanda aka ɗora a wannan kujera.