Baƙin Gilashi da Fitilar Ribas: Abin da Ya Kamata Direbobin Konduga Su Sani

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maiduguri zuwa Bama a cikin watan Afrilu ba zai yi mamakin yadda masu motoci ke ɗokin manna baƙar leda a gilashinsu ba. A wannan lokaci zafin rana a Jihar Barno yakan haura digiri 40, motar da aka ajiye a fili kuwa sai ta zama kamar tanda. Garin Konduga yana kan wannan hanya, kimanin kilomita 35 daga Maiduguri, a bakin kogin Ngadda, kuma direbobinsa sun san wannan azaba sarai.

To, amma ledar da ta yi maganin rana da tsaka ita ce takan zama matsala bayan magariba. Direba ya sa giyar ribas a lungun da ba fitilar titi, ya waiga, sai ya tarar ba ya ganin kome sai duhu. Alhali kuwa a bayan motar nan akwai kwata, akwai akuya a kwance, wani lokaci ma yaro ne yake wasa a ƙofar gida. Daga nan sai mai mota ya nufi wurin mai wayarin, ya ce a ƙara wa fitilar ribas ƙarfi.

Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a yi ɗan lissafi. Kowace leda tana da lambar da ke nuna yawan hasken da take bari ya wuce, watau kashi 50, ko 35, ko 20, ko 5 cikin ɗari. Hasken fitilar ribas yana sauka a kan abin da ke bayan mota, ya dawo, sa'an nan ya ratsa gilashin baya kafin ya isa idon direba. Saboda haka wanda ya manna leda mai kashi 20, kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake gani a dā shi ne ya rage masa. In yana so ya koma gani kamar dā, sai fitilar ta ninka haskenta sau biyar. Mai kashi 35 kuwa wajen sau uku yake bukata.

Ƙwan ribas na motoci da yawa mai wat 21 ne, yana ba da haske kimanin lumen 460. Ninki biyar ɗinsa shi ne lumen 2,300, wannan kuwa ana iya kusantarsa da dabara. Amma wanda ya manna leda mai kashi 5, ninki ashirin yake nema, watau lumen 9,200. Ƙwan babbar fitilar gaba mai wat 55 kimanin lumen 1,500 yake bayarwa, ke nan sai an jera irinsa shida a bayan mota. Mai irin wannan leda ba ƙwai ne maganinsa ba, ɓare ledar gilashin baya shi ne magani.

Ga wanda ledarsa ba ta kai haka duhu ba, aikin farko ba ya cin ko kwabo. A wanke murfin fitilar, domin ƙurar hunturu da laka suna rage haske ƙwarai. A duba ko ƙwan ya tsufa ya yi baƙi daga ciki. A kankare tsatsar da ke mazauninsa, a kuma ƙara ɗaure wayar da ke manne da ƙarfen jikin mota, gama in ta yi sako-sako wuta ba ta isa yadda ya kamata.

Mataki na biyu shi ne canja ƙwan da irin na zamani da ake kira LED, wanda yake ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Sai dai araha ba ta ado. Lambar da ake bugawa a kwalin masu arha sau da yawa cika baki ce kawai. Bugu da ƙari, an ƙera gidan fitilar ne domin ƙwan da ke watsa haske ta kowane gefe, saboda haka ƙwan da ke haska gaba kaɗai yana iya ɗaukar ido ga mai kallonsa, amma ƙasa ta zauna cikin duhu. A gwada shi da dare a jikin bango kafin a gama ciniki. In kuma an sa shi ya ƙi kamawa, a juya shi, domin wasunsu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta.

Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne cusa ƙwai mai wat 55 a mazaunin mai wat 21. Wutar da zai ja ta fi ninki biyu da rabi, zafinsa yana narka robar fitila, yana ƙona fis. Wasu kuma in fis ya ƙone sai su naɗa waya a madadinsa, daga nan gobara ba ta da nisa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Mai son ƙarin fitila a ƙarƙashin bamba, to a ja mata wayarta daga batir da fis nata da rile, a karkata ta ƙasa, a kuma haɗa ta yadda ba za ta kama ba sai an sa ribas. Farar fitila mai ci a bayan mota ana cikin tafiya tana kashe idon na baya, tana kuma sa ya zaci motar baya take yi.

Akwai kuma kyamarar baya, wadda take a waje, leda ba ta tare ta. A Amurka an wajabta ta a kan sababbin motoci tun watan Mayun 2018, musamman domin kare ƙananan yara, waɗanda gajartarsu kan sa direba ba ya hango su ko da gilashi fari ne.

Sa'an nan ga maganar doka. Tun 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 6 wadda ta hana duhunta gilashin mota har a kasa ganin na ciki, sai da izinin Sufeto-Janar na 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro. Hukuncin da ta tanada shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. A 2025, zamanin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun, 'yan sanda suka sake buɗe ba da izinin ta intanet, Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya kuwa ta kai ƙara kotu a kan haka.

A Konduga dai wannan doka ba ta bukatar dogon bayani. Garin ya sha harin Boko Haram a watan Fabrairun 2014, kuma a watan Yunin 2019 bam ya hallaka mutum 30 a wurin kallon ƙwallo. Jami'in tsaron da ke bakin shinge yana da hujjar son ganin fuskar duk wanda ke cikin mota. Direba mai hankali yakan sauke gilashi tun daga nesa, da dare kuma ya kunna fitilar ciki.

Wannan ɗabi'a ita ce kuma ta fi dacewa wajen yin ribas. A sauke gilasan gefe duka biyu domin madubai su yi aiki, a kashe rediyo domin kunne ya taimaki ido. A unguwar da yara suke, direba ya sauko ya zagaya motar tukuna, ko ya sa wani ya tsaya a baya yana duba masa. Ƙwai da leda duk ana sayensu a kasuwa, amma ran ɗan maƙwabci ba shi da kasuwa. Allah Ya kiyaye.